Gogen Turawa a jikin bango: laccar da aka yi wa matasa masu zane a Agege

To jama'a, na baya kuna ji na? Janareton nan ya fi ni murya. Abu uku zan faɗa a kan fostar gogen Turawa, wanda suke kira bayolin, irin wadda ake tallarta a go-silo ko ka ganta rataye a otal-otal na Lekki.

Na farko, yawancinsu kwaikwayon aikin mutum biyu ne, Picasso da Braque, a Faris. Tun wajen 1909 Braque ya fara zana goge kamar an farfasa shi an baje, wuyan a nan, cikin a can, wai ka ga gaba da gefe a lokaci ɗaya, har ya zana ƙusa a saman hoton da inuwarta, sai ka rantse ƙusar gaske ce. Picasso ya yi nasa da 'ya'yan inabi a 1912. Ba komai, sun iya, amma ni ba su ne mutanena ba.

Mutumina Chagall ne. Bayahude, haihuwar 1887, ɗan yankin Vitebsk da ke Belarus a yau. A garinsu ba a biki, ba a ɗaurin aure sai da mai goge. To mutumin nan ya je Faris ya ga duk abin da ake yayi, amma ya dawo yana zana makaɗin unguwarsu. Akwai wanda ya yi tsakanin 1923 da 1924, yana gidan tarihi na Guggenheim a New York yanzu. Fuskar mai gogen kore ce shar. Kore fa! Ga gemu, ga doguwar kwat, ya taka rufin gidaje, gidajen 'yan ƙanana a ƙarƙashinsa, sannan ga wani mutum can sama yana shawagi ba fiffike. Kai mai jar hula kana dariya, da kai ka zana wa kwastoma fuskarsa kore ai sai ka biya kuɗin fenti. Amma ku duba, bai je ya zana makaɗin fadar sarkin Faransa ba, na unguwarsu ya zana. Na unguwarsu. Shi ya sa nake jin haushi in na ga yaronmu da ya ƙware a allon aski da na mai suya yana wahalar kwafar bayolin mai tsirkiya huɗu da bai taɓa riƙewa ba, alhali ga namu gogen, ƙwarya da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta izgar doki, ga yadda makaɗi ke goga ƙaro a jikin izgar kafin ya fara, ya karkatar da kai. Wa ya zana wannan? Su kansu Yarbawa da muke zaune da su goje suke ce masa, da shi Yusuf Olatunji ya yi suna a kiɗan sakara, kenan kasuwa biyu gare ka.

Na uku… ko na biyu ne? Ku dai rubuta: masu zanen nan Matisse da Paul Klee duk sun kasance suna kaɗa bayolin da hannunsu. Mu wuce.

Na'am, Malama? Tana tambaya ko za ta iya sauke hoton Chagall a intanet ta kai Shomolu a buga ta sayar. Ranki ya daɗe, a'a. A dokarmu haƙƙin mai zane yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, Chagall kuwa a 1985 ya rasu, Picasso 1973, Braque 1963, ki yi lissafi. Na san ana yi, kowa na yi, amma ranar da kika samu babban kwastoma kamar otal zai tambaye ki takardar izini. Wanda kika zana da hannunki kuwa ki buga ko dubu ne, ki dai sa hannu a ƙasa, ki nemi takarda mai kauri don ta fosta sharara damina ɗaya take yi a garin nan. Saura tambaya ɗaya, an kusa kiran la'asar.