Ƙaramin fanni a nazarin manufofin gwamnati: me ake koya, ina ake tuntuɓe?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai, a jami'o'in Amurka mai digiri na farko yana da babban fanninsa, yana kuma iya ɗaukar ƙaramin fanni a gefe, yawanci kwas biyar zuwa bakwai. A nazarin manufofin gwamnati za ku tarar da kwas na gabatarwa, na tattalin arziki, na ƙididdiga, sai na zaɓi a harkar lafiya ko ilimi ko muhalli. Kada ku ɗage ƙididdiga sai aji huɗu. Sau da yawa ita ce sharaɗin shiga manyan kwasa-kwasan, wasunsu kuma sau ɗaya ake buɗe su a shekara. Ku gama da ita tun a aji biyu.

Me ya sa aka matsa a kanta? Domin tambayar fannin ita ce: da ba a yi wannan doka ba, da me ya faru?

A Afrilun 1992 jihar New Jersey ta ƙara mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania kuwa ba ta taɓa nata ba. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka bi gidajen sayar da abinci 410 a ɓangarorin biyu, kafin ƙarin da bayansa. Suka auna canjin yawan ma'aikata a New Jersey, suka cire canjin da aka samu a Pennsylvania. Abin da ya rage shi suka jingina wa dokar. Ba su ga ayyuka sun ragu ba. To, ku lura da gindin lissafin: ana ɗauka cewa da babu dokar, jihohin biyu hanya ɗaya za su bi. In wannan zato ya rushe, lissafin ya rushe. Wasu masana sun yi jayayya da su kan ingancin alƙaluman, Card kuma ya samu lambar Nobel a 2021.

Ɗalibi ya fi tuntuɓe a nan, ya kwatanta jiya da yau kawai. Ku duba gida Najeriya: an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni kuma aka saki farashin naira. Kayan masarufi suka tashi. Nawa ne rabon mai, nawa ne rabon canji? Jiya da yau ba za su raba muku gardamar ba.

Sai auna ribar aiki da kuɗin da za a kashe a kansa. Dala 100 da za ta zo bayan shekara goma, in aka rage darajarta da kashi 3 cikin ɗari a shekara, yau kusan 74 ce. Da kashi 7 kuwa kusan 51. Shi ya sa aikin madatsar ruwa ɗaya zai ci a hannun wannan ya faɗi a hannun wancan. Ku gwada duka biyun, ku bayyana.

Aikin da aka fi ba ku shi ne takardar shawara ta shafi ɗaya ko biyu, shawarar a sakin layi na farko. Kada ku cusa magani cikin bayanin cuta. "Babu isassun azuzuwa" ya riga ya yanke hukuncin a yi gini. Ku rubuta cewa yara kaza cikin ɗari ba sa iya karatu a aji huɗu, sannan ku jera zaɓi uku, ciki har da barin abin yadda yake, kowanne da kuɗinsa da wanda zai ƙi shi.