Amsoshin tambayoyinku: ban yi lakwal ba, ya zan sa ɗana ya so karatu?

Jama'a masu saurare barkanmu da war haka, daga nan Tahoua, mun sake dawowa filin amsoshin tambayoyinku. Yau saƙonni sun taru kuma lokacin kaɗan ne, to wanda na gajarce ma amsa ya yi haƙuri. Tare da ni akwai Hajiya, wadda ta daɗe tana riƙe da ajin CI, wato ajin farko na firamare, kafin ta huta. Hajiya sannu da zuwa.

Hajiya: Yawwa sannu ɗana, ina gajiya.

Ba gajiya. Wani daga Madaoua ya ce yaushe ake fara nuna ma yaro littafi? Tun ya fara zama a cinya malam, wajen wata 6, hoto zai kalla, muryarka zai saurara.

Wata daga Keita ta ce ɗiyarta mai shekara ɗaya da rabi duk littafin da aka ba ta sai ta yayyaga ta kai baki, wai har ta mare ta. Haba baiwar Allah, mari kuma? Da baki yaro yake fara sanin abu. Ki yanka kwali mai kauri ki liƙa hoton akuya da tulu da mota, ki ɗinke gefen da zare, in ta cinye wannan ki yi mata wani.

To ga wadda ta fi yawa, daga Illela da Bouza da nan cikin gari duk magana guda ce. Wata ta rubuto, ko dai ta sa an rubuta mata, ta ce: ni ban yi lakwal ba, ko sunana ban iya karantawa, ina jin ana cewa a riƙa yi ma yara karatu, ni ya zan yi? Wallahi wannan saƙon ya taɓa ni. Hajiya bismilla.

Hajiya: To ai ni abin da na gani a aji, ranar farko in ka raba littafi, wani yaron zai riƙe shi kai ƙasa, wani kuma zai buɗe a hankali yana bin hoto da yatsa yana magana shi kaɗai. Mu lokacinmu alli ma raba shi ake, aji cike maƙil, ga rumfar kara iska na kwasar takardu, amma yaran da kakanninsu ke yi musu gatana da dare ko ba a faɗa maka ba za ka gane su, in ka ce me ya faru da Gizo sai su kawo maka labarin daga farko har ƙurunƙus, yanzu kuwa kakannin ma waya suke...

Hajiya bari in tsaya nan, don kin ba da amsar. Uwar nan ki saurara, zan maimaita. Ba sai kin iya boko ba. Ki ɗora shi a cinya ki buɗe hoto ki ce mene ne wannan, ina rakumin nan za shi, wa ke bisansa, ki bari ya amsa ko da shirme ne. Yaron da ya saba jin labari mai farko da ƙarshe, ya tara kalmomi da Hausa, shi ne in mushe, wato malamin lakwal, ya rubuta harafi a allo yake saurin kamawa, don ya riga ya san takarda magana ce ke cikinta. Na sake faɗa, ba sai kin iya boko ba. In akwai yayansa ɗan CE2, wato aji na huɗu, a gidan ki sa shi ya karanta da ƙarfi bayan isha'i ke ma kina zaune. Kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, kar ki ji kunyar yi masa da Hausa.

Wani ma'aikaci ya ce ya sayo ma matarsa littafin renon yara da aka rubuta a Faransa, yanzu rigima ta tashi da mahaifiyarsa. Ni dai ra'ayina, irin littafin nan tankaɗe shi ake. Inda ya ce nonon uwa zalla wata 6 ba ruwa ba jiƙo, nan a bi shi ko da zafin Afrilu ne, likitocinmu ma haka suke faɗa. Inda ya ce a ware ma jariri ɗakinsa, ai wanda ya rubuta bai taɓa kwana a tsakar gida kan tabarma da mutum goma ba. Kuma ɗan'uwa kar ka tsaya gaban tsohuwa kana ɗaga littafi, ka lallaɓa ta, ka tafi da ita awo ta ji daga bakin ungozoma.

Hajiya: Ita ma ai ta rene shi har ya iya karanta littafin.

Gaskiya ne Hajiya. Saura minti ɗaya. Wata ta ce yaronta ɗan shekara 3 ba ya cin abinci sai da portabul a hannu. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, a 2019 ta ce ƙasa da shekara 2 kar a ba shi kallo, daga 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a yini. Ku kuma iyaye maza masu kai tsakar dare a fada kuna latsa waya, abin da yaro ya gani a hannunku shi zai nema. Wanda ke bida a Abidjan, ka yi gatana ka aiko ta WhatsApp ya ji muryar babansa.

Mai tambaya daga Konni kan yaron da ke in'ina, ba mu manta da kai ba, da taka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Hajiya mun gode, Allah ya ba da lada.