Ranar da Kumasi ta manta da yunwa

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a wannan fodkas da muke ɗauka a unguwar Aboabo, cikin birnin Kumasi na ƙasar Gana. Hirarmu ta yau a kan bikin cin kofi ce, wato abin da yake zama a zuciyar mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa bayan an busa usur na ƙarshe, an miƙa kofi, kowa ya kama hanyar gida. Ina tare da Kawu, wanda yake cewa tun bai san damansa da hagunsa ba yake bin Asante Kotoko, da kuma Malam, haifaffen unguwar Nima ta birnin Akra, wanda ya shekara fiye da 20 yana cin tuwon Kumasi amma har yau zuciyarsa tana wurin ƙungiyar Hearts of Oak ta Akra. Kawu, girma ya ba ka farkon magana.

Kawu: Na gode, Hajiya. Idan aka ce bikin cin kofi, ni shekarar 1983 ce take faɗo mini a rai, sai dai yaran yanzu ba za su gane daɗin wannan rana ba sai an fara gaya musu irin shekarar da ta zo a cikinta. A farkon shekarar ce gwamnatin Najeriya ta kori baƙi, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida cikin 'yan makonni, alhali damina ta ƙi, gobarar daji kuma ta cinye gonakin koko da na abinci. Mutane sun rame har ƙasusuwan wuyansu suka fito, ana yi musu laƙabi da sarƙar Rawlings, wato shugaban ƙasa na lokacin. Ni a lokacin ina koyon ɗinki a wurin wani tela a Alabar, kuma na sha kwana a layi domin in sami gwangwani ɗaya na masara.

Malam: Ka kuma ƙara da cewa, Kawu, a shekarar da ta gabaci wannan, Al Ahly ta yi muku wankin babban bargo.

Kawu: Ban ɓoye ba, Malam, domin ciwon nan shi ne gishirin labarin. A wasan ƙarshe na kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka na 1982 sun zura mana ƙwallo 3 a Alƙahira ba mu rama ko ɗaya ba, sannan suka zo nan Kumasi aka tashi 1 da 1, suka ɗauki kofin a gaban idonmu. Da Allah ya sake haɗa mu da su a wasan ƙarshe na 1983, sai muka je Alƙahira muka riƙe su babu ci, duk da cewa suna da Mahmoud El Khatib, wanda a shekarar nan ma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka. Saboda haka komai ya rage ga wasa na biyu, a watan Disamba, cikin hazon hunturu. Ni da yayana, wanda yana cikin waɗanda aka koro daga Legas, mun yi sallar asuba muka taka da ƙafa zuwa filin wasa, wanda a lokacin ba a sa masa sunan Baba Yara ba tukuna, amma da muka isa sai muka tarar akwai waɗanda suka kwana a bakin ƙofa. Guzurinmu gaba ɗaya shi ne garin rogo a ƙulle cikin leda, ba sukari, muna ɗiba muna watsawa a baki har rana ta take.

Hajiya: To ƙwallon fa, ka gan ta da idonka?

Kawu: Zan faɗi gaskiya ko da za ta rage mini daraja a wurin jikokina, ban gan ta ba. Shekara fiye da 40 ke nan ina ba da labarin yadda Opoku Nti ya zura ƙwallon nan tun kafin hutun rabin lokaci, amma abin da idona ya gani shi ne bayan rigar wani ƙaton mutum da ya miƙe tsaye a gabana. Ƙara kawai na ji, irin wadda take shiga ciki kafin ta shiga kunne, sai na ga kaina a sama, wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya ɗaga ni yana kuka yana yi mini magana da Asantanci, ni kuma ina ba shi amsa da Hausa, kuma kowannenmu ya gamsu da abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Abin da ya biyo baya azaba ce, domin sauran wasan gaba ɗaya mun yi shi ne da hannu a ka, muna kallon agogo, muna roƙon Allah ya tsare ragar golanmu Joe Carr.

Hajiya: Mu kuwa a gida rediyo muka kewaye. Ina 'yar shekara 9 a lokacin, kuma ina tuna cewa batir ya yi wuya ƙwarai, har mahaifinmu yakan shanya tsofaffi a rana domin su ƙara ɗan ƙarfi. Tun ana saura mako guda ya hana kowa taɓa rediyon, ko labarai ba a ji, domin a adana batir saboda ranar. Da aka tashi wasa sai iyayenmu mata, waɗanda ba su san dokar ƙwallo ko ɗaya ba, suka rangaɗa guɗa, kowa ta ɗauko jan ɗankwali ta ɗaura, aka fito da hoda ana zuba wa duk wanda ya wuce, kamar yadda ake yi a ƙasar nan ga wanda ya yi nasara. Abin da ban manta ba shi ne abin da kakata ta yi. Ita mai sayar da koko ce, kuma a shekarar da ake auna hatsi kamar zinariya, sai ta dama abin da ta tanada domin cinikin washegari, ta ajiye tukunyar a ƙofar gida, ta ce duk wanda ya dawo daga fili ya sha kyauta. Mahaifiyata ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana ba.

Malam: Ina ganin mahaifiyarki ce mai gaskiya, Hajiya, domin kofi ba ya shiga tukunya.

Kawu: A nan ne muka saba, Malam. Na sha kokon nan, ko dai nata ko na wata irinta, domin a daren nan gidaje da yawa sun yi haka. Daga filin wasa zuwa Kejetia mota ba ta iya motsi, direbobin trotro, wato ƙananan motocin haya, sun kashe inji sun hau saman motocinsu suna rawa, taron kuma ya karkata zuwa Manhyia, fadar Otumfuo Opoku Ware na biyu, tun da kowa ya san ƙungiyar ta Asantehene ce, wato sarkin Asante. Ana ta rera taken nan da ke cewa in ka kashe dubu, dubu za su zo, wanda aka ɗauko daga halin beguwa, dabbar da ke jikin tambarin ƙungiyar. Mutanen da suka yi wata da watanni ba sa iya ɗaga murya saboda yunwa, su ne na ga suna gudu daga wannan unguwa zuwa waccan. Ni kaina na yi ɓarna a daren, domin na koma shagon maigidana, na ɗauki jan yadi na wata mata da ta kawo ɗinkin biki, na tsaga shi gida huɗu muka ɗaura a sanduna. Wata uku na yi ina biyan kuɗin yadin daga ɗan abin da nake samu na sa maɓalli, kuma maigidana bai ɗaga mini ko pesewa ɗaya ba, ko da yake daga baya na gano cewa ɗaya daga cikin tutocin yana rataye a ɗakinsa.

Hajiya: Akwai tambayar da matasa suke yawan yi, Kawu. Ƙungiyar masarautar Asante ce, mu kuma mutanen zango ne, to mene ne ya sa iyayenmu suka riƙe ta kamar gadon gida?

Kawu: Ki dubi sunayen kawai. Kofin farko da Kotoko ta ci, na 1970, an ƙarasa shi ne a Kinshasa a watan Janairun 1971, inda aka doke Englebert, wadda yanzu ake kira Mazembe, da ci 2 da 1, kuma waɗanda suka zura ƙwallayen su ne Abukari Gariba da Malik Jabir, a raga kuwa akwai Robert Mensah da hularsa. Kyaftin ɗin ƙungiyar shi ne Ibrahim Sunday, wanda ya zama gwarzon Afirka a 1971, kuma shi ne dai kocin da ya kawo kofin 1983. Kafin su akwai Baba Yara, bayansu akwai Karim Abdul Razak, gwarzon Afirka na 1978. Yaron zango idan ya ji ana kiran irin sunansa a rediyo, jama'ar gari gaba ɗaya suna tafi, ba ya bukatar a lallashe shi.

Malam: To yanzu a bar mu mu ma mu sha iska. Mu namu kofin ya zo ne a watan Disamba na shekarar 2000, kuma ina ganin yanayinsa bai gaza na Kawu ba, domin ana cikin azumin Ramadan, ƙasa kuma tana tsakanin zagayen farko da na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, kowa a ɗarare yake. Mun riga mun ci Esperance 2 da 1 a Tunis, amma a Akra sai suka fara zura mana ƙwallo, wasa ya yi zafi, aka harba barkonon tsohuwa, aka dakatar da wasa na tsawon lokaci, har golansu Chokri El Ouaer ya fito da jini a fuska yana neman a soke wasan. Ku yi tunanin mai azumi, maƙogwaro a bushe, ga hayaƙi a ido, ga ruwa ana miƙawa domin wanke fuska amma ba damar haɗiya. Da aka dawo sai Osei Kuffour ya zura biyu, Ishmael Addo ya ƙara ɗaya, aka tashi 3 da 1 a hannun koci Jones Attuquayefio. A daren nan a babban titin Nima na ga masu goyon bayan jam'iyyu biyu, waɗanda da safe ba sa gaisawa, suna rawa a ƙarƙashin tuta ɗaya mai ja da rawaya da shuɗi, kuma limamin masallacinmu ya yi faɗa sosai domin sahun tarawihi bai cika ba.

Hajiya: Sai dai murnar ba ta daɗe ba.

Malam: Ba ta daɗe ba, Hajiya. Ranar 9 ga Mayun 2001, a wannan fili dai na Akra, a wasan Hearts da Kotoko, fiye da mutum 120 suka rasu a turmutsutsu bayan an harba barkonon tsohuwa, kuma Nima ta binne 'ya'yanta da yawa. Cikin waɗanda muka yi rawar Disamba tare akwai waɗanda na tsaya a sallar jana'izarsu. Allah ya jiƙansu.

Kawu: Amin. Kumasi ma ta yi rashi a ranar.

Hajiya: Amin summa amin. Malam, akwai wani biki naka da nake so masu sauraro su ji, wanda aka ce ka yi shi a ɓoye.

Malam: Wannan shi ne na watan Janairun 2005, wasan ƙarshe na kofin Confederation, karo na farko da aka buga gasar, kuma ƙungiyoyi biyu na ƙasa ɗaya suka haɗu. An tashi 1 da 1 a Akra, aka dawo Kumasi. Lokacin ban daɗe da aure ba, ina haya a gidan da kowa ɗan Kotoko ne, surukina kuma yana zaune a kujerar gaba a falon da muke kallo. Charles Taylor, wanda ya bar mu ya koma wurinsu, shi ya fara zura mana ƙwallo, gida ya ɗauki sowa, aka fara fito da hoda. Muka rama, aka tafi bugun fenareti, muka ci 8 da 7. Ban taɓa jin gari ya yi tsit irin na yammacin nan ba, har kukan akuya ana ji daga layi na uku. Ni kuwa farin ciki ya cika mini ciki, ga suruki a gabana ya dafe kai, sai na sunkuyar da fuska na ce, Baba, sai haƙuri, haka Allah ya so. Na ɗauki buta kamar zan kewaya, na shiga bayan gida na rufe ƙofa, na yi rawa ni kaɗai ba tare da na fitar da sauti ba.

Kawu: Ashe kai ne ka daɗe a ciki, mutane suna layi da butoci! Ni a ranar ko tuwo ban ci ba, kuma hodar da na saya tun da safe tana nan a cikin akwatina, ban buɗe ta ba sai da muka ci kofin lig na gaba.

Hajiya: To surukin naka bai gane ba, Malam?

Malam: Ya gane sarai. Da na fito sai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, Malam, wanda ya shiga kewayawa ba ya fitowa da buta cike da ruwa, ga kuma gumi a goshi. Daga nan ya aiki yaro ya sayo tsire, ya tura mini gabana, ya ce in ci ni kaɗai tun da ni kaɗai nake da bakin ci a gidan.

Hajiya: Kuma ka ci?

Malam: Na cinye tas, har da albasar.

Hajiya: To masu sauraro, ladanin Aboabo ya fara gyaran murya, Kawu kuma ya riga ya miƙe yana neman takalmansa. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.