Mai Karatu a Cikin Murɗaɗɗen Labari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, da 'yan'uwana ɗalibai, ina godiya da damar da aka ba ni. Maganar da aka ɗora mini ita ce yadda masu karatu suke karɓar wani nau'in gajeren labari wanda ba ya miƙewa daga farko zuwa ƙarshe, sai dai ya yi ta murɗawa kamar ginin da aka cika da lunguna, kowane lungu ya miƙa ka ga wani, kuma a ƙarƙashinsa akwai tambaya irin ta falsafa a kan lokaci, ko tunawa, ko iyakar abin da ɗan Adam zai iya sani.

Ba a yin wannan magana ba tare da an ambaci Jorge Luis Borges ba, marubucin ƙasar Ajantina wanda aka haifa a Buenos Aires a 1899, ya rasu a Geneva a 1986. Bai taɓa rubuta dogon ƙagaggen labari ba. Shahararsa ta tsaya ne a kan gajerun labarai, galibi waɗanda aka tara a littafin Ficciones na 1944 da El Aleph na 1949, kuma da yawansu ba su wuce shafi goma ba.

Na taɓa ba wata ɗalibata aron littafin farko. Bayan kwana uku ta dawo da shi, ta ajiye a kan teburina da hannu biyu, ta ce, "Malam, na karanta sau biyu, amma ban ga mutane a ciki ba, sai lissafi." Ban ɗauki maganarta da wasa ba, domin ita ce tuhumar da ta fi daɗewa tana bin irin wannan rubutu. A 1942 alƙalan gasar adabi ta ƙasar Ajantina sun tsallake wani littafin gajerun labaran Borges da ya riga waɗannan biyun fitowa, kuma abin da aka riƙa faɗa shi ne rubutu ne na ƙwaƙwalwa zalla, babu zuciya a cikinsa. Abin ya ɓata wa abokansa rai har mujallar Sur, wadda Victoria Ocampo ta kafa a 1931, ta tattara rubuce-rubucen marubuta da dama don share masa hawaye. Kenan tun ranar farko masu karatu suka rabu a kansa.

Ni ina ganin wannan tuhuma kuskure ce, kuma zan kafa hujja da labarinsa na Laburaren Babila. A cikinsa duniya gaba ɗaya laburare ce, ɗakuna masu kusurwa shida suna jere ba iyaka, sama da ƙasa. Kowane littafi shafi 410 ne, kowane shafi layi 40, kowane layi haruffa kusan 80, kuma alamomin rubutun 25 ne kacal: haruffa 22, da waƙafi, da aya, da tazarar da ke raba kalmomi. Duk wata haɗuwa da waɗannan alamomi za su iya yi tana nan a wani littafi. Saboda haka cikakken tarihin rayuwarka yana nan, da labarin yadda za ka mutu, da dubban kwafi na ƙarya waɗanda suka saɓa da na gaskiyar da harafi ɗaya, kuma mafi yawan littattafan tarin haruffa ne marasa ma'ana. Har zuwa nan lissafi ne, ɗalibata ta yi gaskiya. To amma ku dubi abin da ya sami mazauna laburaren. Da suka gane cewa amsar kowace tambaya tana wani wuri, sai murna ta rufe su, suka bazama nema. Da shekaru suka shuɗe ba wanda ya sami littafinsa, sai murnar ta koma ɗebe ƙauna, aka yi faɗa a kan matakala, wasu suka haukace, wasu suka hallaka kansu. Mai ba da labarin tsoho ne da ganinsa ya yi rauni, yana jiran ranar da za a jefa gawarsa a ramin da ba shi da ƙarshe. Idan wannan ba baƙin cikin ɗan Adam ba ne, ban san sunan da za a ba shi ba. Wanda ya rubuta shi kuwa a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne a wata laburaren unguwa, inda ya yi aiki daga 1938 zuwa 1946, kuma makantar da ya gada daga mahaifinsa tana matso shi. Lokacin da aka naɗa shi shugaban Laburaren Ƙasa a 1955, idanunsa sun riga sun kasa karatu.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne marubucin bai sa tausayi a bakin taurarinsa ba. Ya bar shi ya tashi a jikin mai karatu, a matsayin wannan jiri da ake ji idan hankali ya yi ƙoƙarin riƙe abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya saba a nuna masa inda zai yi kuka sai ya ɗauki jirin a matsayin gazawarsa ko gazawar marubucin, ya rufe littafin.

Akwai kuma masu karatun da labarin yake mayarwa mafarauta. Borges ya ƙware wajen cakuɗa sunayen littattafan gaske da na ƙarya, har da sharhi a ƙasan shafi kamar na malamai. A 1936 ya buga sharhin wani littafi da ya ce wani lauya ya rubuta a Bombay, alhali babu littafin, babu lauyan, kuma an ruwaito cewa amininsa Adolfo Bioy Casares har odar littafin ya aika Landan. A 1948 wata mujallar labaran binciken laifuka a Amurka ta buga fassarar labarinsa na lambun da hanyoyinsa suke rarrabuwa, masu karatunta suka karɓe shi a matsayin labarin ɗan leƙen asiri, wanda kuwa shi ne, ko da yake a cikinsa akwai tunanin cewa lokaci yana reshe, duk abin da zai iya faruwa yana faruwa a wani reshen. Masanin falsafa na Faransa Michel Foucault ya buɗe littafinsa na 1966 da cewa dariyar da wani rubutun Borges ya ba shi ita ce mafarin aikin. Farauta tana da daɗi, ba na hana kowa. Tsorona kawai shi ne a mayar da labarin kacici-kacici, wanda da zarar an ba da amsa an gama da shi. Na ga masu karatu da suka gano asalin kowane suna a shafi, amma da aka tambaye su me tsohon laburaren yake tsoro sai suka yi shiru.

Ban yi wa ɗalibata dogon bayani ba. Na ba ta littafi na biyu, na sa takarda a kan labarin Ibn Rushd, malamin Kurɗuba wanda ya yi sharhin littattafan Aristotle. A labarin, malamin ya ci karo da kalmomi biyu na Girkanci da suka shafi wasan kwaikwayo, ya rasa yadda zai fassara su, domin bai taɓa ganin dandalin wasa ba. Yana cikin wannan damuwa sai ya leƙa ta taga, ya ga yara suna wasa a tsakar gida: ɗaya ya hau kafaɗar ɗan'uwansa yana kiran salla, wanda ke ɗauke da shi ya zama hasumiya, na uku ya durƙusa a ƙasa a matsayin jama'ar masallaci. Abin da yake nema yana gabansa, ya kalla, ya koma kan littattafansa. A ƙarshen labarin marubucin ya fito fili ya ce shi ma haka yake, yana ƙoƙarin hasko Ibn Rushd daga 'yan guntayen rubuce-rubucen wasu.

Mako guda ta yi kafin ta dawo. A wannan karon ba ta ajiye littafin ba, ta riƙe shi a buɗe, yatsanta a kan sakin layin yaran. Ta ce tun da ta karanta wurin take tambayar kanta abubuwa nawa ne ake yi a ƙarƙashin tagarta waɗanda ba ta da sunansu, sannan ta nemi in bar mata littafin har ƙarshen zangon karatu, na bar mata.

Shugaba, a nan zan dakata, domin na ga hannuwa sun fara tashi. Na gode.