Amsoshin Tambayoyinku: Mata masu gasar gina jiki, ya suke atisaye, me ke tura su?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wannan makon saƙonni sun taru a kan abu ɗaya, tun bayan wani bidiyo da ya yi ta yawo a waya na wata mata tsaye kan dandamali tana murɗe damtse, jijiyoyi duk sun fito raɗa-raɗa. Wasu sun ce haɗin kwamfuta ne, wasu sun ce ai namiji ne, wasu kuma, musamman mata, tambaya suka yi ta tsakani da Allah. To su za mu amsa.

Saƙon farko daga wata baiwar Allah a Kaduna, ta ce: wai da gaske akwai gasar da mata ke shiga ta gina jiki, kuma tun yaushe aka fara?

Da gaske ne malama, kuma ta kwana biyu. Babbar gasar ita ce Ms. Olympia a Amurka, an fara ta a 1980 a birnin Filadelfiya, wata 'yar Texas mai suna Rachel McLish ta fara ɗaukar kambun. In kika ga hoton Rachel na lokacin ba za ki ce komai ba, siririya ce mai ɗan ƙwanji, kamar 'yar tsere. Daga baya ne jikin ya yi ta ƙara cika. Cory Everson ta riƙe kambun sau shida a jere, 1984 zuwa 1989, sai Lenda Murray ta zo ta ci sau takwas, sai Iris Kyle wadda ta ci sau goma, kuma har yau babu wanda ya kamo ta, mace ko namiji, don su mazan ma a tasu gasar ta Mr. Olympia takwas ne ƙarshe. Iris ɗin nan fa asalinta 'yar ƙwallon kwando ce, a jami'a ma ita take bugawa, bayan ta gama ne ta koma ƙarfe.

Amma kar ki ɗauka abin ya tafi sumul. Su kansu masu shirya gasar sun daɗe suna rigima kan wai ina iyakar tsokar da ta dace da mace. A 1991 wata 'yar Ostireliya, Bev Francis, wadda kowa ya san ta fi cika, maki ɗaya tal ya raba ta da Lenda Murray, ta zo ta biyu. Wajen 2005 hukumar IFBB, wato hukumar gasar gina jiki ta duniya, ta fito ta ce matan su rage tsoka da kashi 20 cikin 100. Bayan gasar 2014 ma sai aka dakatar da Ms. Olympia gaba ɗaya, ba ta dawo ba sai 2020, inda Andrea Shaw ta birnin Detroit ta ɗauka ta kuma ci gaba da ɗauka shekara bayan shekara. Yanzu an rarraba abin rukuni-rukuni, akwai na masu tsoka sosai, akwai na matsakaita, akwai na waɗanda tsarin jiki kawai ake dubawa.

Sannan a bambance, gina jiki daban, gasar ɗaga nauyi daban. A ta ɗaga nauyi kilo ake ƙirgawa, irin wadda Folashade Oluwafemiayo ta Najeriya ta ɗaga kilo 167 a wasannin nakasassu na Paris a 2024 ta ci zinare. A gina jiki kuwa ranar gasa ba a ɗaga ko allura, alƙalai jikin kawai suke kallo, girman tsoka, daidaiton dama da hagu da sama da ƙasa, da yadda kitse ya janye har kowace tsoka ta fito da shatinta.

Saƙo na biyu daga Damagaram, wata ɗaliba ce, ta ce ta fara zuwa gidan motsa jiki na mata wata uku kenan, tana jin daɗin ƙarfe sosai, amma ƙawayenta sun ce za ta koma kamar gardi, tana so ta san yadda masu gasar ke atisaye kuma ko maganar ƙawayen gaskiya ce.

'Yar uwa ki kwantar da hankalinki, a nan zan ɗan daɗe don tambayar ta yi min. Sinadarin da ke hura tsoka a jiki, testosteron, abin da ke jinin namiji ya ninka na mace sau goma ko fiye. Shi ya sa mace za ta shekara tana ɗaga ƙarfe da gaske, tana cin abinci daidai, tsokar da za ta ƙaru kilo ɗaya ce ko biyu ko ɗan sama da haka, kuma a shekarar farko kenan da jiki ke saurin amsawa, daga nan abin sai ya koma tafiyar hawainiya. Ba wadda take wayar gari ta ga ta zama Iris Kyle bisa kuskure. Waɗannan shekara goma, sha biyar suka zuba a ciki, ga gado na jiki, ga kuma wani abu da zan zo kansa a ƙarshen shiri.

Yadda suke yi kuwa, yawanci kwana biyar ko shida a mako, ana raba jiki. Yau ƙafa, gobe baya, jibi ƙirji da kafaɗa, gata hannuwa, sai a sake zagayowa, don tsokar da aka wahalar yau tana son kamar kwana biyu kafin a sake taɓa ta. Kowane motsi a yi shi zagaye uku ko huɗu, kowane zagaye sau 8 zuwa 12, da nauyin da zai sa na ƙarshen ya fito da ƙyar. Sirrin duk yana wuri ɗaya, ƙari kaɗan-kaɗan. Wannan makon kin tsuguna da kilo 30 sau takwas, mako mai zuwa ki nemi sau tara, in kin kai sha biyu ki ƙara kilo biyu ki koma takwas. Shi ya sa za ki ga da yawansu da ɗan littafi a jaka suna rubuta komai, kamar mai kanti da littafin bashi. Kuma ba a cikin jim, wato gidan motsa jiki, tsoka ke girma ba, a can wahalar da ita ake yi, girman yana zuwa ne lokacin barci da hutu, wadda ba ta samun awa bakwai zuwa tara na barci tana zuba ruwa ne a kwando.

Sai abinci, wanda su da kansu za su gaya miki ya fi ƙarfen wuya. Ana lissafin furotin da nauyin jiki, kamar giram 1.6 zuwa 2.2 a kowane kilo, to mai kilo 60 tana neman wajen giram 100 zuwa 130 a rana, alhali ƙwai ɗaya giram shida ne kacal. Kin ga kenan sai an haɗa da wake, awara, kifi, kaza, kindirmo, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk abin da ke kasuwarmu ne, ba dole sai garin gwangwani mai tsada ba. Kuma ba sa gudun shinkafa da dankali, da su ake samun ƙarfin ɗagawa.

Shekararsu kashi biyu ce. Akwai lokacin gini, ana ci a ƙoshi ana ɗaga nauyi, jiki ya cika. Sai lokacin shiri, mako 12 zuwa 20 kafin gasa, a nan ake auna kowace loma a sikeli, a ƙara tafiya ko keke da asuba, a yi ta rage kitse. Ga kuma atisayen tsayuwa gaban madubi, wanda mutane ke rainawa, amma ki gwada murɗe duk jikinki ki riƙe minti ɗaya kina murmushi, za ki ji gumi na karyo miki.

Abin da nake so ki riƙe, ke da kike wata uku, kashi na farkon nan naki ne, kuma alheri ne. Ƙarfe na ƙara wa ƙashi ƙwari, mata kuwa su suka fi fama da zaizayar ƙashi bayan al'ada ta ɗauke, yana taimakawa wajen sukari, yana rage ciwon baya. In kin daina kuma tsoka ba ta rikiɗa ta koma kitse kamar yadda ake faɗa, abu biyu ne daban, tsokar ce ke raguwa, in ba a rage ci ba kitse ya hau.

Wani malami daga Kumasi ya rubuto ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, me zai sa mace ta jure wannan wahala haka, kuɗi ne ko suna?

Malam in don kuɗi ne da yawancinsu sun daina, domin banda ƙalilan na can sama, mafi yawa daga aljihunsu suke biyan kuɗin shiga gasa, da koci, da abinci, da tafiya. Bari in ba ka labarin Ernestine Shepherd ta birnin Baltimore, haifaffiyar 1936. Har ta kai shekara 56 ba ta motsa jiki. Ita da 'yar uwarta Velvet suka je gwada kayan ninƙaya, suka kalli juna ba su ji daɗin abin da suka gani ba, sai suka fara zuwa jim tare, 'yar uwar ta ce burinta su shiga kundin Guinness na bajintar duniya. Ba a jima ba Velvet ta rasu sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, Ernestine ta shiga ƙunci ta ajiye komai, hawan jini ya kama ta. Da ta tashi kuwa, alƙawarin nan ne ya tashe ta. Ta hau dandamali tana da shekara 71, a 2010 Guinness ta sa sunanta a matsayin mace mafi tsufa mai gasar gina jiki. A lokacin tun kafin asuba take tashi ta yi gudu, sannan ta je ta koyar da tsofaffi 'yan uwanta. Ni wannan labarin duk lokacin da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi, don zumunci ne tsantsa. Wasu kuma abin da ke riƙe su shi ne ɗan littafin nan na jaka, bara kilo 40 bana 60, abu ne naka da ba wanda ya ba ka kuma ba wanda zai ƙwace.

Akwai gajeren saƙo daga Kano, ta ce to ina maganar sutura? Gaskiya ce, kayan da ake hawa dandamali da su a manyan gasannin nan ba su dace da tarbiyyar mafi yawanmu ba, ba sai an ɓoye ba. Amma a Indiya, jihar Kerala, Majiziya Bhanu wadda ta karanci likitancin haƙori ta shiga gasa a 2018 da hijabinta da kaya masu rufe jiki kuma ta yi nasara. A ɓangaren ɗaga nauyi ma, ƙorafin Kulsoom Abdullah ne ya sa hukumar duniya ta sauya doka a 2011 aka yarda da rigar da ta rufe hannu da ƙafa. Kuma atisaye a wurin mata zalla ba ya buƙatar dandamali ko kaɗan.

Saƙo na ƙarshe daga wata uwa a Gombe, 'yarta ce ke son abin, ita kuma tsoronta haihuwa.

Hajiya tsoronki yana da tushe, sai dai ba ƙarfen ne abin tsoron ba. Abu biyu ne. Na farko yunwar lokacin shiri. Macen da za ta hau dandamali tana sauke kitsen jikinta zuwa wajen kashi 10 ko 12 cikin 100, alhali mace mai lafiya tana sama da 20. In abinci ya gaza abin da jiki ke ƙonawa na tsawon watanni, jiki sai ya fara rufe wasu ayyuka, al'ada ta rikice ko ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, barci ya lalace, gashi ya zube. Jikin nan da ake gani a hoto na kwana ɗaya ne ko biyu, ba a zama a cikinsa. Duk yarinyar da ke atisaye ta ga wata uku ba al'ada kuma ba ciki ba, ta ƙara ci, ta rage wahala, ta je asibiti, kar ta bari wani koci ya ce mata alamar ƙoƙari ce.

Na biyu kuma allurai da ƙwayoyin siteroid masu hura tsoka, abin da na ce zan dawo kansa. Ana amfani da su a wannan harka, ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma a jikin mace ɓarnarsu ta fi muni, murya ta yi kauri, gemu ya fito, sanƙo ya fara, hanta da zuciya su wahala, kuma muryar nan in ta sauya yawanci ba ta dawowa ko an daina. Ga ƙwayoyin fitar da ruwa da wasu ke sha a makon ƙarshe, waɗanda ke rikita gishirin jini har zuciya ta tsaya, an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Mu ma nan muna da namu, ƙwayoyin sha ka fashe da 'yan mata ke saye a kemis don su ciko. Wasunsu irin su dexamethasone ne, wanda kumburi da kitse yake kawowa, tsoka kuwa cinye ta yake yi, ya bar mutum da sukari da hawan jini.

Don haka Hajiya ki bar ta ta ɗaga ƙarfenta a wuri mai mutunci da mai koyarwa da ta san aiki, ki sa ido kan kwanonta da watanta, ki kuma tambaye ta duk wani abu da aka ba ta ta sha. In ta samu juna biyu ko ta haihu, likita ne zai faɗa mata nauyin da za ta ɗauka da lokacin komawa.

Sauran saƙonnin da suka shafi maza da garin furotin mun ajiye su sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da turowa, a huta lafiya.