Kafin ka sayar da fokilif, ka fara sanin siton da zai yi aiki a ciki

Nasiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga birnin Sakkwato. Kamar kullum ina tare da Malam Bello, wanda ya daɗe yana sayar da injinan ɗaukar kaya, da Hajiya Rabi, wadda take kula da wani babban sito na taki da shinkafa. Malam, matasa da dama suna jin cewa akwai la'ada mai tsoka a wannan sana'a, to daga ina ya kamata mutum ya fara?

Malam Bello: Ya fara daga cikin sito, Nasiru. Kayan da muke sayarwa ba su da wuyar lissafawa: akwai fokilif, wato motar ɗaga kaya mai ƙarafa biyu a gaba da ake kira cokula, akwai ƙaramin jak na hannu da ake jan falet da shi, wato dandamalin da ake ɗora kaya a kai don inji ya ɗauka, akwai kantocin ƙarfe da ake jera kaya a kansu har sama, akwai kuma bel mai tura buhuna zuwa cikin tirela. Yaro mai ƙwazo zai haddace sunayensu da farashinsu cikin ɗan lokaci. Abin da yake ɗaukar shekaru shi ne ka shiga sito da tef ɗin awo a aljihunka, ka auna ƙofa, ka auna faɗin hanyar da ke tsakanin jerin kaya, ka duba daɓen ƙasa, sannan ka faɗa wa mai wurin injin da zai yi masa amfani da wanda zai zame masa asara.

Hajiya Rabi: Wannan haka yake, Malam. Ni da nake ɓangaren masu saye, da zarar mai talla ya buɗe baki nake gane ko ya san aikinsa. Wanda ya fara da sunan kamfanonin ƙera fokilif irin su Toyota ko Hyster ko Heli, yana nuna mini hotuna a waya, ba na ba shi lokaci mai yawa. Wanda ya tambaye ni buhu nawa ke shiga da fita a rana, da kuma ko kayana a kan falet suke ko a jibge suke a ƙasa, shi nake ba kujera.

Nasiru: Malam, a kan ce fokilif kaza na tan biyu da rabi ne. Ashe ba shi ke nan ba, duk kayan da bai wuce wannan nauyi ba zai ɗauka?

Malam Bello: A nan ne sababbin shiga suke cutar da mai saye ba tare da sun sani ba. Kowane fokilif yana da ɗan allon ƙarfe a jikinsa, an rubuta nauyin da zai ɗauka, an kuma rubuta nisan da tsakiyar nauyin kayan za ta kasance daga gindin cokulan, wanda a yawancin injinan wannan girma milimita 500 ne. Ka ɗauki bokitin ruwa ka manna shi a ƙirjinka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka ji bambanci duk da cewa ruwan bai ƙaru ba. Falet mai tsawon milimita 1200, idan cokula suka shige shi ta tsawonsa, tsakiyar nauyinsa tana kan milimita 600, saboda haka injin ba zai ɗauki cikakken tan 2.5 ɗin nan lafiya ba, kuma abin da zai iya yana ƙara raguwa gwargwadon yadda aka ɗaga kayan sama. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 50 ke nan tan 2.5 daidai, ban da nauyin falet ɗin kansa. Idan mai saye ya ce maka haka yake son lodawa, sai ka ba shi shawarar na tan 3, ko ya rage buhunan zuwa 40. Idan ka yi shiru don kada ciniki ya kuɓuce maka, ranar da ƙafafun baya suka tashi sama kayan suka zube, rayuwar direba da ta duk wanda ke kusa ce a cikin haɗari.

Hajiya Rabi: Ka ƙara da maganar daɓe, Malam, domin situna da yawa a garin nan an gina su ne don ƙafar ɗan dako.

Malam Bello: Ƙwarai kuwa, Hajiya. Fokilif mai ɗaukar tan 2.5 shi kansa yana kusan tan 4, idan ya ɗauki kaya kuma yawancin nauyin yana komawa kan tayoyin gaba. Daɓen da aka shafa siriri a kan yashi zai fara tsagewa nan da nan. Sannan irin wannan inji yana buƙatar hanya mai faɗin kusan mita 4 kafin ya juya da falet, wanda ke nufin mai sito zai sadaukar da wurin da a da yake cike da buhuna. Wani lokaci abin da ya dace da shi jak ɗin hannu ne guda biyu da falet masu kyau, ko bel na loda tirela, ko da yake la'adarsu ba ta kai ta fokilif ba.

Nasiru: To batun mai fa, na dizal ko na batir?

Malam Bello: Na dizal ya fi dacewa da fili da ƙasa marar laushi, amma hayaƙinsa bai kamata ya cika rufaffen siton abinci ko magani ba. Na batir ba ya hayaƙi, sai dai tsohon samfurin batir mai ruwa yana buƙatar kimanin awa 8 na caji, don haka dole ka tambayi mai saye halin wutarsa da ƙarfin janaretansa. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, da yake wuce digiri 40, ruwan batir yana saurin ƙafewa, kuma tataccen ruwa kawai ake ƙara masa. Ƙurar hunturu ita ma tana toshe matatar iska da lagireto, shi ya sa nake faɗa wa masu saye su riƙa duba su fiye da yadda littafin inji ya tsara.

Hajiya Rabi: Akwai abin da nake so matasa su riƙe, Nasiru ƙanena. Abokin gasarka a nan sau da yawa 'yan dako ne, domin Alhaji zai lissafa abin da yake biya a kan kowane buhu, ya kwatanta da kuɗin inji da direba da mai da gyara. Wurin da ake fitar da kaya dare da rana, irin masana'antar siminti ta BUA da ke Kalambaina, lissafinsa daban ne da na dillalin albasa a Kasuwar Kara, wanda kayansa na kaka ne kuma a buhu suke zuwa daga gona. Su kuma 'yan dakon magidanta ne masu ciyar da iyali, ba na jin daɗin mai tallan da yake zuwa yana cewa inji zai kore su. A wurinmu bel ɗin da muka saya ya rage musu hawa katako da buhu a ka, amma har yanzu su ne suke jerawa a cikin mota, kuma sai da muka zauna da shugabansu kafin a kawo shi.

Nasiru: Malam, wace tambaya ce mai saye ba ya taɓa mantawa da ita?

Malam Bello: Wa zai gyara, kuma daga ina kayan gyara za su zo. Idan sai an aika Legas kafin a samu ƙaramin tiyo na haidurolik, aikinsa ya tsaya ke nan. Saboda haka kafin matashi ya karɓi aiki a kowane kamfani, ya bincika ko suna da bakanike da ajiyar safaya a Kano ko a nan kusa. Idan na hannu ne yake sayarwa, ya nuna wa mai saye agogon awannin aikin injin, ya ɗaga cokulan har ƙarshe a gabansa a duba ko mai yana yoyo. Takardar farashi kuma ya rubuta mata ranar ƙarewa, tunda kayan daga waje suke zuwa kuma canjin dala yana motsi.

Hajiya Rabi: Ya kuma san wanda ke da ta cewa. A siton ɗan kasuwa Alhaji ne mai yanke hukunci, amma yakan saurari mai kula da sito da direbansa. A babban kamfani sai ka bi ta ofishin saye, ka jira takardar oda, kuma biyan kuɗi yana iya ɗaukar makonni bayan an kai kaya.

Malam Bello: Shi ya sa nake cewa a nemi yarjejeniyar la'ada a rubuce tun ranar farko, a san ko ana biyanta da zarar an sa hannu ne ko sai kuɗin mai saye sun shigo, da kuma wanda zai ɗauki kuɗin mota idan aiki ya kai ka Illela ko Birnin Kebbi.

Nasiru: Mun gode Malam, mun gode Hajiya. Masu sauraro, a shiri na gaba za mu tattauna horar da direbobin fokilif, in Allah ya kai mu.