Jawabina a taron 'yan Tawa mazauna Abijan: maganar lambun wardi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, Alhazai da Hajiyoyi, iyayena, yayyena da ƙannena 'yan Adar mazauna Abijan, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zama. Na san wasu daga Abobo suka taso, wasu daga Ajame, wasu sun rufe shago a ranar da ake ciniki don kawai su zo su zauna da 'yan uwa, Allah ya saka muku da alheri. Mutanen gida suna gaishe ku. Lokacin da na baro Tawa hazo ya fara tasowa, an gama ɗaurin hatsi, masu albasa sun shiga garake.

Toh ni abin da ya kawo ni gabanku ba babban proje ba ne, ba foraj ba ne, ba ginin aji ba ne. Maganar wani ɗan lambu ce da muke kula da shi a unguwarmu, mu kamar goma sha biyar, maza da mata, babu mai karɓar ko dala a cikinmu, kuma abin da muka fi shukawa a ciki furen wardi ne. Eh wardi, wanda ake yin turare da shi. Na ga wasu iyayenmu sun kalli juna, kuma na gane, don tambayar da ke ranku an yi mini ita a gida ya fi a ƙirga: Malam, wardi ake ci? Garin da mata ke kwana a bakin pampo da bido, ku kuma kuna ba fure ruwa? Tambaya ce ta gaskiya, ba ta raini ba, shi ya sa zan fara da ita.

Abin ya samo asali ne daga wani dattijo, tsohon malamin lakkwal da ya yi ritaya. Ya je Yamai ganin jikoki sai ya biya wurin masu pepiniyar na bakin Gunti Yena ya sayo dashe uku a cikin leda baƙa, ya riƙe su a cinya tun daga tasha har Tawa, sama da kilomita 500, bai yarda an sa su a but ba. Biyu ya dasa a gidansa suka mutu kafin bazara ta ƙare. Na ukun da bai samu wuri ba sai ya dasa shi a bayan masallaci, daidai inda ruwan alwala ke gangarawa ya kwanta, kuma inuwar wani dogon yaro na rufe wurin daga azahar. Wanga na uku shi ya rayu. Wata safiya bayan asuba muka fito muka tarar da fure ɗaya ja jawur ya buɗe, wallahi mutane suka tsaya a kansa kamar an ajiye jariri, wani tsoho da ba ya gani sosai ya ce a kama hannunsa a kai shi, ya duƙa ya shaƙa ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago sai ya ce rabonsa da wanga ƙamshi tun shekarar da ya je Makka.

Kun ga amsar maganar ruwa ke nan. Ba ma taɓa ruwan shan kowa. Ruwan alwala na sallah biyar, wanda da can yake zama taɓo sauro na haihuwa a ciki, shi muka yi wa hanya da siminti ya bi ta cikin yashi da tsakuwa ya taru a wani ɗan kwarami, daga nan muke ɗiba. Sannan muna binne tulu a gindin kowane itace, tulun ƙasa wanda ba a shafe shi ba, a cika shi a rufe bakinsa, shi kuma yana tsatsa a hankali zuwa saiwa, rana ba ta samun abin sha. A lokacin sanyi tulu ɗaya na kai mu kwana uku.

Ku kuna nan inda ruwan sama ke wuce milimita 1500 a shekara, in ka jefar da ƙwallon mangwaro a bayan ɗaki gobe ka tarar ya fito. Mu a Tawa tsakanin 300 da 400 muke samu, cikin wata uku, sannan Afirilu da Mayu zafi ya haura digiri 40. Don haka duk abin da aka rubuta a littattafan Turawa game da wardi sai mun juya shi. Su suna cewa a ba shi rana duk yini, mu rana ta safe kawai muke ba shi, daga ƙarfe goma sha ɗaya zana ce ko inuwar itace. Su da bazararsu suke murna, mu hunturu ne lokacinmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, nan ne muke yanka reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, mai ido uku ko huɗu, mu cire ganyen ƙasa mu soka a leda mai yashi da ruɓaɓɓen taki. In bazara ta shigo kuwa ba ma neman fure sam, ko ya fito tsinke shi muke yi, mu dai itacen ya kai damina da ransa. Mu lulluɓe gindi da kara da ɓawon gujiya, amma sai an riƙa ɗagawa ana dubawa saboda gara.

Akwai shekarar da ganye ya yi ta komawa ruwan ɗorawa, jijiyar ganyen kaɗai ta rage kore. Muka ƙara ruwa, abin ya ƙaru. Sai wani yaronmu da ya karanta aikin gona ya ce ba ƙishi ba ne, ƙasar ce. Ƙasar Adar akwai farar ƙasa da yawa a cikinta, ai shi ya sa aka kafa kamfanin siminti a Malbaza, wardi kuma ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, in farar ƙasa ta yi yawa saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan. Sai muka tone ramukan muka canja ƙasa da taki mai yawa da ruɓaɓɓen ganye. Sannan ga jan gizo, ɗan mitsitsin ƙwaron nan da masu tumatir suka sani, yana son zafi da ƙura, a ƙarƙashin ganye yake zama. Maganinsa a wurinmu 'ya'yan dogon yaro ne, a daka a jiƙa ya kwana a tace a sa ɗan sabulu a fesa da marece.

Amma ni mutanen nake so ku gani, fiye da furen. Akwai wata Hajiya, uwa ce gare mu duka, tana da awaki, duk ranar Juma'a sai ta sa jikanta ya turo baro cike da taki, kuma ita ce ta hana mu sa shi ɗanye, ta ce zai ƙone saiwa, a bar shi ya ruɓe tukuna. Akwai wani saurayi mai walda, shi ya gyara mana arozuwar biyu da suka huje ya ƙi karɓar kuɗi. Akwai wani mai ga-ruwa, bawan Allah da yini yake yana tura kura, amma in ya ga tulunan sun yi ƙasa a tsakiyar bazara sai ya juye mana bido ɗaya ya wuce bai ce wa kowa komai ba, sai mai gadin masallaci ne ya gaya mana. Akwai 'yan mata huɗu 'yan kwaleji, su ke riƙe da kaye, kowane itace da lambarsa da ranar da aka dasa shi da ranar da ya yi fure da abin da ya same shi. Ɗaya daga cikinsu in ta riƙe almakashin datsa sai ka tsaya kallo, ta nemo idon da ke duban waje ta yanka a karkace ɗan sama da shi kaɗan don sabon reshe ya fita waje iska ta samu shiga tsakiya, hannunta duk karcen ƙaya amma ba ta fasa ba. Asabar bayan sallar asuba muke haɗuwa, kafin ƙarfe tara mun watse kowa ya kama harkarsa. Gayya ce kamar wadda iyayenmu ke yi a gona, ba mu ƙirƙiro komai ba.

Mun sha wuya kuma. Bara waccan an manta ƙofar zana a buɗe dare ɗaya, awaki suka shiga, da safe muka tarar da itace goma sha ɗaya sun zama sanduna. Dattijon nan ya zauna a ƙasa bai yi magana ba. Na ɗauka ƙarshen abin ke nan, amma Asabar ta gaba mutane sun fi na kullum yawa, kuma takwas daga ciki sun sake toho.

Yanzu ga abin da ya fi sa ni tsayawa a kan wanga aiki. Wardi ne ya koya mana aure, auren itace. A tsaga ɓawon uwar a ɗaga shi a hankali, a yanko ido ɗaya daga irin da ake so a zura a ciki a ɗaure da leda, bayan sati biyu ko uku in idon yana nan kore to ya kama. Yaron da hannunsa ya faɗa da wanga a jikin wardi, gobe zai yi shi a jikin lemu, zai koyi na mangwaro, zai koyi na magarya, irin magaryar nan mai aure da ake kira pom di Sahel, 'ya'yanta sun ninka na daji girma sosai kuma ana sayenta a kasuwa. Biyu cikin yaranmu yanzu masu garka na kiransu su yi musu aure su biya su. Wanda ya tambaye ni ko wardi ake ci, nan nake nuna masa.

Kuma mu 'yan Adar ba baƙin itace ba ne. Layukan dogon yaro na kwarin Majiya tun 1975 aka fara su don tare iska. Aikin Keita na farfaɗo da ƙasar da ta lalace ya fara a 1984, shekarar yunwa, kuma iyayenmu mata ne suka ɗauki duwatsun tare ruwan nan a ka. Tassa da rabin wata, ramukan nan na tare ruwan sama da ake yi a wajen Illela da Badagishiri sun mai da fako gona. Duk 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, shuka itace ake yi a Nijar. To mutanen da suka yi wanga duka, don me za a ce abu mai ƙamshi da kyan gani ya fi ƙarfinsu, sai a gidan gwamna ko otel?

Ba na yi muku alkawarin za mu yi turare. Alhazai sun san Ɗa'ifa, garin kan dutse kusa da Makka, can ne ake noman wardin da ake tsinka da sassafe a watan Maris da Afirilu, kuma ruwan wardi na cikin abin da ake haɗawa da Zamzam a wanke Ka'aba. A Maroko akwai Kala'at Maguna da ke bikin wardi duk watan Mayu. Amma su wuraren tudu ne masu sanyi, kuma sai an tara fure tan uku zuwa huɗu kafin a samu kilo ɗaya na man. Mu ba mu kai can ba, ba ma can muka nufa ba. Namu in ya yi yawa a watan Janairu muna yanka mu kai wa masu jego a likita da marasa lafiya na unguwa, amarya ma in an roƙa muna bayarwa, sauran a shanya a inuwa mata su sa a turaren wuta.

Wani abu da na karanta ya tsaya mini a rai. A Ingila akwai ƙungiyar masu wardi da aka kafa tun 1876, ga suna ga babban lambu, amma a 2017 ta rufe saboda kuɗi sun kasa. Shi ya sa muka yi shawara ba za mu faɗaɗa lambu ya wuce abin da hannuwanmu da ruwan alwala za su iya riƙewa ba, ko da an ba mu fili.

Toh ga roƙona. Na farko waya, giriyaj mai ƙarfi da ƙofar ƙarfe, don zana duk shekara sai an canja kuma akuya ba ta jin kunyarta. Na biyu tanki ɗaya da tuluna, da almakashin datsa ko guda uku, yanzu ɗaya muke karɓa-karɓa. Wanda zai iya jikka ɗaya ya bayar, wanda zai iya goma ya bayar, 'yan matan nan za su rubuta su turo muku hoton kaye a gurup ɗin WhatsApp. Don Allah kada ku ɗauko mana dashe daga nan, itacen da ya saba da laimar Abijan ba ya jure iskarmu, kuma yana iya zuwa mana da cuta.

Na uku shi ne babba a wurina. Na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka yi shekara goma, ashirin, suna aikin lambu a gidajen Kokodi da Ribiyera, kun san datsa, kun san taki, kun san ciwon ganye da ido, kuma in kun je gida ba ku faɗi, wasu ma kunyar aikin suke ji. Yayyena wanga ilimi ne, mu nema muke yi ba mu samu ba. Ku ba ni lambarku kafin a tashi, in yaranmu sun ga abin da ba su gane ba su ɗauki hoto su turo, ku amsa da murya ko minti ɗaya ne. In kuma Allah ya kai ku gida da sallah ko da wani sha'ani, ku ba mu safiyar Asabar ɗaya, bayan asuba, a bayan masallaci. Ku zo da riga mai dogon hannu saboda ƙaya.

Takardar tana wurin magatakarda. Shugaba na gode da lokacin da aka ba ni, Allah ya maida kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.